Ƙashin Baya da Asalin Cuta: Tafarkin Palmer a Ma'aunin Tarihin Magani na Sakkwato

Gabatarwa

Ciwon baya yana cikin lalurorin da suka fi damun ɗan Adam a ko'ina cikin duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kimanin mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon tsatso, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aikinsu na yau da kullum. Manomin da ke yini duƙe a fadamar Rima ya san shi, majemi da ɗan dako sun san shi, haka ma ma'aikacin da ke yini bisa kujera a sakatariya. Inda cuta ta yawaita kuwa, nan masu magani suke yawaita, da na gaskiya da masu neman abin tuwo.

Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin wani ra'ayi game da ƙashin baya, watau ra'ayin da ke cewa gocewar gaɓoɓin wannan ƙashi ita ce tushen akasarin cututtukan jiki, kuma da zarar an mayar da gaɓar da ta goce mazauninta, to lafiya ta samu. An haifi wannan ra'ayi a Amurka, a cikin sana'ar da ake kira kairofaraktik. Za a auna shi da abin da birnin Sakkwato ya gada na ilmin magani, na rubuce da na hannu, domin aikin gyaran ƙashi da hannu ba baƙo ba ne a nan, da'awar da aka ɗora masa ce baƙuwa.

Abin da ya faru a Davenport

A shekarar 1895, lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman yana bisa gadon sarauta a Sakkwato, yaƙin Basasar Kano kuma bai daɗe da lafawa ba, akwai wani mutum a garin Davenport na jihar Iowa mai suna Daniel David Palmer. An haife shi a Kanada cikin 1845. Ya taɓa koyarwa, ya yi kiwon zuma, ya sayar da kayan masarufi, sa'an nan ya koma ba da magani ta hanyar shafa jiki da hannu, bisa da'awar cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu a tafinsa. Bai taɓa shiga makarantar likita ba.

Bisa ga labarin da shi Palmer ya bayar, ranar 18 ga Satumba ta wannan shekara ya duba wani mai sharar ginin da ofishinsa yake, mai suna Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai. Ya ce ya laluba bayansa ya ji wata gaɓa ta tasa, ya danna ta ta koma, nan take kunnen mutumin ya buɗe. Ba da jimawa ba ya yi wa wani mai ciwon zuciya irin wannan aiki, ya ce shi ma ya sami sauƙi. Daga waɗannan mutum biyu Palmer ya yanke hukunci a kan dukkan 'yan Adam: in kurumta da ciwon zuciya, da ba su haɗa komai ba, sun fito daga ƙashin baya, me zai hana sauran cututtuka su ma daga can suke? A littafin da ya buga cikin 1910 ya ɗora kashi 95 cikin ɗari na cututtuka a kan gocewar gaɓoɓin baya, ragowar kuma a kan gocewar wasu gaɓoɓin jiki. Wani limamin coci abokinsa, Samuel Weed, shi ya haɗa masa sunan sana'ar daga kalmomi biyu na Girkanci masu ma'anar aikin hannu.

Ya kamata a fahimci ginin wannan ra'ayi sosai, domin yana da kama da gaskiya, kuma kamar ce ta sa ya rayu. Ƙashin bayan mutum jeri ne na gaɓoɓi 33: bakwai a wuya, 12 a daidai ƙirji, biyar a tsatso, sauran tara na ƙasa kuwa galibinsu sun manne da juna. Laka tana bi ta tsakiyarsu daga ƙwaƙwalwa, kuma jijiyoyin saƙo guda 31 a kowane gefe suna fita ta 'yan kafofin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, su watsu cikin jiki. Wannan duk gaskiya ne. Abin da Palmer ya ƙara shi ne cewa akwai wata basira ta halitta da ke gudana cikin jijiyoyin nan tana tafiyar da jiki, idan gaɓa ta ɗan goce sai ta matse jijiya, basirar ta tauye, sai sashen da jijiyar ke kaiwa ya kamu da cuta, ko hanta ce, ko ƙoda, ko huhu. Tamkar dai mai ban ruwa a lambu ne da aka take masa tiyo: ɗage ƙafa kawai, ruwa ya wuce.

Tun a kan mutum na farko maganar ta sami tangarɗa. Jijiyar ji tana tashi ne daga cikin kunne ta shiga ƙwaƙwalwa, duk a cikin ƙoƙon kai, ba ta ratsa ƙashin baya ko kaɗan, balle gaɓa ta huɗu ta ƙirji da aka ce Palmer ya danna. Daga baya ma shi da kansa ya ce asalin ilmin ya zo masa ne daga ruhin wani likita da ya riga ya mutu, mai suna Jim Atkinson. Da a ƙasar Hausa ya faɗi haka, da an san layin da za a sa shi, watau na waɗanda iska ke ba magani.

Palmer ya buɗe makaranta cikin 1897. An ɗaure shi na ɗan lokaci cikin 1906 saboda ba da magani ba da izinin hukuma ba, makarantar kuma ta koma hannun ɗansa, B. J. Palmer, wanda ya fi uban iya kasuwanci nesa ba kusa ba. Shi ya shigo da na'urar hoton ƙashi cikin 1910, ya kafa gidan rediyo, ya yaye ɗalibai dubbai. Uban ya mutu cikin 1913 da zazzaɓin taifot, cutar da ƙwayar cuta ke kawowa ta ruwa da abinci, alhali shi da ɗansa ba su ɗauki ƙwayoyin cuta a bakin komai ba, kuma sun yi adawa da allurar rigakafi.

Shari'a daban, hujja daban

Tun da wuri mabiya tafarkin suka rabu gida biyu. Wasu suka tsaya a kan koyarwar Palmer tsantsa, wasu suka gauraya ta da tausa, da motsa jiki, da shawarar abinci. Jihar Kansas ce ta fara yi musu dokar lasisi cikin 1913, Louisiana ta zama ta ƙarshe cikin 1974. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa kwamiti cikin 1963 domin murƙushe sana'ar, ta kuma hana 'ya'yanta hulɗa da masu yin ta. Wani mai suna Chester Wilk da abokansa suka kai ƙara cikin 1976, kuma cikin 1987 kotun tarayya ta sami ƙungiyar da laifin haɗa baki domin kashe kasuwar abokan hamayya.

Masu tallar wannan tafarki suna yawan kafa hujja da hukuncin nan, saboda haka ya dace ma'aikacin hukuma ya san iyakarsa. Kotu ta yi hukunci ne a kan dokar ciniki. Alƙaliyar da ta yanke shi ta bayyana a fili cewa ba ta yanke hukunci a kan ingancin ra'ayin ta fuskar kimiyya ba. Lasisi izinin aiki ne, ba shaidar cewa da'awar mai aikin gaskiya ce ba.

Hujjar kimiyya kuwa ta bi wata hanya. Cikin 1973 wani malamin ilmin ƙirar jiki a Jami'ar Yale, Edmund Crelin, ya gwada ƙashin bayan gawarwaki shida, ya lanƙwasa su, ya murɗa, ya danna da ma'auni, ya tarar kafofin jijiyoyin ba sa matsewa yadda Palmer ya siffanta sai an kai ga ƙarfin da zai karya ƙashin. Cikin 1998 aka yi gwaji a Kanada a kan yara masu ciwon asma, aka yi wa rabinsu gyaran baya na sosai, rabi kuma na jeka-na-yi-ka, ba a ga bambanci a numfashinsu ba. Akwai kuma hujjar da ba ta bukatar ɗakin bincike. Ƙodar da aka ciro daga jikin wani aka dasa wa wani, kamar yadda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi cikin 2002, an yanke dukkan jijiyoyin saƙon da suka haɗa ta da laka, amma tana tace jini tana fitar da fitsari. Da lafiyarta ta rataya ga saƙon da ke fitowa daga gaɓar baya, da ba ta kwana ba. Cikin 2010 majalisar da ke kula da masu wannan sana'a a Ingila ta sanar da 'ya'yanta cewa babu wani bincike na asibiti da ya nuna gocewar nan tana jawo cuta.

Hoton ƙashi ma, wanda shi ne babban makamin masu da'awar, ya juya musu baya. Wani nazari da aka buga cikin 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya nuna kashi 30 cikin ɗari na masu shekara 20 suna da faifan guringuntsin baya da ya ɗan bullo, a cikin masu shekara 80 kuwa kashi 84 ne. Ashe ke nan abin da ake nuna wa mutum a hoto a ce ga cutarka, sau da yawa furfura ce ta cikin jiki.

Amma fa adalci ya wajaba. Gwaje-gwaje masu yawa sun nuna cewa ga ciwon tsatso na yau da kullum, wanda ba wata muguwar cuta a ƙarƙashinsa, gyaran baya da hannu yana rage zafi gwargwadon yadda motsa jiki da sauran hanyoyin da likitoci suka yarda da su suke ragewa. Amfani ne matsakaici, amma amfani ne. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa an danganta shi, ko da yake ba kasafai ba, da tsagewar jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa, har Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawara cikin 2014 a riƙa sanar da majiyyaci wannan kafin a taɓa wuyansa. Hannun Palmer yana da abin da ya iya, bakinsa ne ya zarce.

Abin da Sakkwato ta karanta

Idan aka dawo gida, za a tarar cewa shekaru saba'in kafin Palmer ya danna bayan Lillard, ana nazarin ilmin magani a Sakkwato a rubuce. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Amma wanda ya fi zurfafawa shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin cikin 1809, ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Yana da littattafai na gaba ɗaya, kamar Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib, yana kuma da ƙananan risaloli da ya keɓe wa matsala ɗaiɗai: Al-Ƙaulul Mansur a kan basir, Masugul Lujaini a kan ciwon ido, da wata a kan amfani da filasko wajen wanke ciki. Masanin tarihi Ismail Abdalla ya yi nazarin waɗannan ayyuka a littafinsa na 1997, ya nuna yadda suka ɗebo daga maganin Annabi da kuma daga likitancin Girkawa da Larabawa.

Tsarin rubutun kansa abin lura ne. Mutumin da ya ware risala ga ido, ya ware wata ga basir, ya ware wata ga tsiro guda da yadda ake shan sa, mutum ne da ya ɗauka cewa kowace cuta tana da nata sababi da nata magani, kuma sai an neme su ɗaya bayan ɗaya. Ba a ce ilmin wancan zamani ba shi da kuskure ba. Ya dogara ga ra'ayin Jalinusa na ɗabi'u huɗu, da rinjayar zafi ko sanyi, danshi ko bushewa, ra'ayin da binciken baya ya rushe shi kamar yadda ya rushe na Palmer. Bambancin shi ne Bello yana rubutu ne kafin a gano ƙwayoyin cuta, Palmer kuwa ya yi nasa bayan Pasteur da Koch sun gama nuna su ga duniya. Na farko ya yi aiki da iyakar abin da zamaninsa ya sani, na biyu ya juya wa abin da zamaninsa ya sani baya.

Akwai kuma shaidar halin Bello game da ilmin da ba nasa ba. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato cikin Maris 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Da Clapperton ya komo cikin 1826, likitocin da suka taso tare da shi ba wanda ya iso, shi ma ya rasu a nan cikin Afrilu 1827. Sai dai cikin tsarabar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na lissafi na Iƙlidis da wani na Ibn Sina.

Sunan Ibn Sina ya kawo zancen ga ƙashin baya kai tsaye, domin likitancin da malaman Sakkwato suka gada ya san gyaran baya tun da daɗewa. Abuƙrat na Girka, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya siffanta yadda ake ɗaure mutum a bisa katako a ja shi ta sama da ta ƙasa, sa'an nan a danna inda ya tasa. Ibn Sina, wanda ya rasu cikin 1037, ya kawo irin wannan a cikin Al-Ƙanun, a babin karaya da gocewa. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe kashi na ƙarshe na littafinsa na fiɗa ga ɗori. Dukkansu sun ɗauki gocewar gaɓar baya a matsayin rauni ne da ke samun mutum in ya faɗo ko an buge shi, mai alamomi sanannu, ba ɓoyayyen abu da ke jikin kowa yana haifar da ciwon hanta ba. Sun kuma faɗi inda hannu ba ya kaiwa. Az-Zahrawi ya nuna cewa gocewa cikakkiya, wadda majiyyaci ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ba ta da magani a hannun maɗori. Abuƙrat ya lura da cewa wani doron yana tafe da cuta a huhu. Har ma ya yi tir da masu ɗaure majiyyaci a tsani su sako shi ƙasa domin wai baya ya miƙe, ya ce burge 'yan kallo ne ya dame su, ba sakamako ba. Mai tallar magani da lasifika, ashe, yana da kakanni.

Maɗori da iyakarsa

Wancan ilmin malamai ne. A cikin unguwanni kuwa, wanda ake kai wa mai karaya shi ne maɗori. Sana'a ce ta gado, ɗa ya koya a gaban uba, kuma a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Ɗori. Maɗori yakan laluba wurin da yatsu, ya sa a riƙe masa, ya ja gaɓar har ƙashi ya hau kan ɗan'uwansa, ya jera karan ɗori ya ɗaure da tsumma, ya shafa man shanu ko man kaɗe, ya yi tofi. Yana gyara targaɗe da gocewar kafaɗa, yana kuma taɓa baya da ƙugu in an ce sun riƙe. A al'ada ba ya yanka farashi, abin da aka ba shi ya karɓa.

Abin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne matsayinsa a cikin jerin masu magani. Masu nazarin al'adun Hausa, ciki har da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun nuna yadda Bahaushe ya raba aikin warkarwa bisa sana'o'i. Ƙaho da kaciya da cire belu na wanzami ne. Haihuwa ta ungozoma ce. Wanda ya ƙone a kai shi ga maƙeri, wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a kai shi ga Sarkawa, wanda maciji ya sara a nemi maharbi ko gardi. Ba a kai wa maɗori mai shawara ko mai farfaɗiya, shi ma ba ya cewa a kawo. Ko da wasu daga cikin waɗannan rabe-rabe sun ginu ne a kan camfi, tsarin ya tsare abu guda mai daraja: kowa ya san bakin gonarsa.

Duk da haka, kada a yi wa gida kwalliyar da ba tasa ba. Likitocin ƙashi a Nijeriya, tun daga Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano cikin 1959 har zuwa asibitocin koyarwa, sun daɗe suna rubuta irin ɓarnar da ɗaurin da ya yi tsauri yake yi: jini ya tsaya, hannun yaro ya kumbura ya yi baƙi, a ƙarshe sai yankewa, alhali karayar da ya zo da ita ƙarama ce. Kuma ra'ayin tushe ɗaya ga dukkan cututtuka yana da nasa ɗan gida. Duk wanda ya tsaya a tashar mota ya saurari mai magani a bayan mota, zai ji an ɗora ciwon kai, da kasala, da raunin mazakuta, da ciwon baya, da rashin haihuwa a kan basir ko a kan sanyi. Kunnen da ya saba da wannan ba zai yi gardama ba in an canza masa kalmar basir da ƙashin baya, musamman in mai maganar yana sanye da farar riga, ga hoton ƙashi a bango. A manyan biranen Nijeriya an ga shagunan gadon tausa mai zafi da ke yi wa masu hawan jini da ciwon sukari alkawarin sauƙi ta hanyar miƙar da baya. Koyarwar Davenport ce ta 1895 aka sa wa wayar lantarki.

Tarihin Ingila ya nuna cewa ɗorin gado yana da wata mafita. Cikin 1867 babban likitan fiɗa James Paget ya yi lacca a kan cututtukan da maɗora ke warkarwa, ya shawarci likitoci su koyi abin da ke da kyau a aikinsu su bar marar kyau. Hugh Owen Thomas na Liverpool, wanda ya fito daga zuriyar maɗoran ƙasar Wales, ya karanta likita ya haɗa da gadon gidansu, ya ƙirƙiro ƙarfen ɗorin cinya da har yau ake kira da sunansa. Ɗan'uwansa Robert Jones ya yaɗa amfani da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mace-macen sojojin da suka karye a cinya suka ragu ƙwarai. Thomas da Palmer kusan zamaninsu ɗaya, kuma dukkansu da hannu suka fara. Ɗaya ya miƙa gadonsa ga awo da gwaji, ya zama uban likitancin ƙashi. Ɗayan ya mai da nasa aƙida.

Inda haɗarin yake a wannan ƙasa

A Amurka, mutumin da ya je a gyara masa baya saboda asma galibi kuɗinsa kawai ya yi hasara, domin akwai likita a bayansa. A ƙasar Sakkwato lissafin ya sha bamban, saboda cututtukan da ke fara bayyana a baya da wuya a nan masu kisa ne.

Na farkonsu tarin fuka na ƙashin baya, wanda likitan Ingila Percivall Pott ya siffanta cikin 1779. Ƙwayar cutar tana cin gaɓa a hankali har ta rufta, wuri ya tasa ya zama ƙusumbi, ruɓa ta taru ta danne laka. Majiyyaci yana rama, yana zazzaɓin dare da gumi. Ga mai laluben yatsa, wannan tudu shi ne ainihin gaɓar da ta goce, kuma danna shi da ƙarfi na iya zama sanadin shanyewar ƙafafu har abada, alhali magungunan tarin fuka na watanni, waɗanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, suna kashe cutar. Na biyu sanƙarau, wanda sunansa ma daga sanƙarewar wuya ya samo asali. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta kuma sake ɓarkewa cikin 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Yaron da wuyansa ya ƙage yana zazzaɓi, sa'o'i ne tsakaninsa da mutuwa, kowace sa'a da aka ɓata wajen murza wuya daga cikinsu aka ɗebe ta. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a dafa ba, wadda ke zama a tsatson makiyaya, da ciwon ƙashi na masu sikila, da ciwon daji na mafitsara ko na mama da ya yaɗu zuwa baya. Sa'an nan ga haɗarin mota da na babur, inda ɗaukar wanda ya karye a wuya ba tare da an tallafe shi ba yake ƙarasa abin da haɗarin ya fara.

Shan inna ma darasi ne. Cuta ce da ke lalata laka ta shanye ƙafa, watau a nan ƙashin baya da abin da ke cikinsa suna tsakiyar al'amarin. Amma ba gaɓa ce ta goce ba, ƙwayar cuta ce ta shiga ta baki. Abin da ya kai ga shelar da aka yi ranar 25 ga Agusta 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji shi ne ɗigon rigakafin da tafarkin Palmer na asali ya yi adawa da irinsa. A cikin wannan shekarar kuma, da wasu masu sana'ar suka fara tallar cewa gyaran baya yana ƙarfafa garkuwar jiki daga cutar korona, ƙungiyarsu ta duniya da kanta ta fito ta ce babu hujjar haka.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta san da wannan sana'a. Doka ta 38 ta shekarar 1988 ta kafa hukumar da ke rajistar masu aikin farfaɗo da gaɓoɓi, kuma masu kairofaraktik suna cikin waɗanda take kula da su, tare da likitocin gashi da motsa jiki. Saboda haka jami'in lafiya na jiha ko na ƙaramar hukuma yana da tambayoyi biyu da zai yi wa duk wanda ya kafa allo yana gyaran baya: ina rajistarsa, kuma me yake cewa yana warkarwa. Amsar ta farko takarda ce. Ta biyu ita ke nuna ko mutumin ya tsaya a kan ciwon tsatso da taurin gaɓoɓi, ko kuwa ya tsallaka zuwa hawan jini da ciwon sukari, inda zai sa mutane su ajiye magungunansu.

Maɗora kuwa ba sa ƙarƙashin waccan doka, ga shi su ne suka fi yawa, kuma su ake fara kai wa majiyyaci. Gwaje-gwajen da aka yi a kudancin Habasha da kuma Nijeriya a farkon shekarun 2000 sun nuna cewa ɗan gajeren horo ga maɗora, a kan sassauta ɗauri da gane abin da ya fi ƙarfinsu, yana rage yawan yanke gaɓoɓi. Game da baya, abin da za a koya musu bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: ciwon baya mai tafe da zazzaɓi ko rama, ƙafa da ta fara sanyi ko mutuwa, fitsari ko bayan gida da ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, tudun da ya fito a bayan yaro, da duk wanda ya faɗo daga bisa ko mota ta buge. Waɗannan ba a ja, ba a dannawa, a kwantar da mai su a bisa abu mai tauri a nufi asibiti. Ta uku daga cikinsu Az-Zahrawi ya riga ya rubuta ta a Ƙurɗuba shekara dubu da suka wuce.